Hatimin Sinawa: Tsohon Rubutun da Ya Ƙi Mutuwa

Masu iya magana kan ce, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A matsayina na ɗalibin harshe, duk lokacin da na karanta al'adar wata al'umma, rubutunta nake fara dubawa. Shi ya sa hatimin mutanen ƙasar Sin ya ɗauki hankalina.

Hatimin Sinawa ɗan guntun dutse ne, ko ƙarfe ko katako, da ake sassaƙa suna a ƙasansa. Akan dangwala shi cikin jan kwaɓi da ake haɗawa da wani jan ma'adini da man zurma, sannan a buga a takarda. Iri biyu ne: wanda haruffansa ke fitowa jajaye, da wanda suke fitowa farare a cikin jan fili.

A shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Qin Shi Huang ya haɗe ƙasar Sin, ya kuma daidaita rubutunta. Tarihi ya nuna an sassaƙa masa hatimin mulki da dutse mai daraja, wanda sarakunan bayansa suka yi ta gado har ya ɓace. Riƙe shi hujja ce ta cancantar sarauta. Haka kuma a shekara ta 57 Miladiyya, Sarki Guangwu ya ba wani sarkin Japan hatimin zinariya, wanda aka tono a tsibirin Shikanoshima a 1784.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin da ne kawai. A 2020 hukumar gudanarwar kamfanin Arm China ta tsige shugabansa, Allen Wu, amma ya ci gaba da jan ragama har 2022, domin hatimin kamfanin yana hannunsa. A can, takardar kamfani ba ta cika sai da hatimi.

To, amma abin da ya fi burge ni shi ne rubutun kansa. Salon haruffan da aka daidaita a zamanin Qin ya daɗe da fita daga harkokin yau da kullum, balle ma da gwamnati ta sauƙaƙa haruffa a 1956. Basine na yau sai ya koya kafin ya iya karanta shi. Duk da haka, masassaƙa hatimi suna amfani da shi har gobe. Ƙungiyarsu ta Xiling, wadda aka kafa a Hangzhou a 1904, tana nan tana raya sana'ar. Tambarin wasannin Olamfik na Beijing a 2008 ma siffar hatimi aka ba shi, sannan a 2009 UNESCO ta sa wannan sana'a cikin al'adun duniya da aka gada.

A ganina, abin da ya ceci wannan rubutu shi ne an bar masa aikin yi. Nan ne tunanina ke komawa kan Ajami. A 2007 aka cire shi daga ƙananan takardun naira, a 2014 kuma daga naira ɗari. Mun yi ta ƙorafi, amma mu nawa ne a ajinmu za su iya rubuta wasiƙa da shi? 'Yan'uwana ɗalibai, kafin mu zargi kowa, mu koyi Ajamin nan, mu kuma nemi a ware masa ko da shafi ɗaya ne a wannan mujalla tamu.