Rana Kyauta Ce, Amma Sai An Iya Lissafi: Ziyararmu Jajaye

Da sanyin safiya muka bar Kano mu huɗu, dukkanmu ɗaliban jami'a, hazon hunturu ya rufe gari. Muka ratsa Ƙaraye, ƙasar da madatsar ruwa ta Challawa take, muka miƙe zuwa Jajaye a ƙaramar hukumar Rogo, wadda ke iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. An gama girbi, gonaki sai karan dawa da na masara.

Abin da ya kai mu tambaya ce ɗaya: farantan sola nawa makaranta ke buƙata kafin ɗalibanta su koyi kwamfuta? Ƙannenmu, maganar ta shafe ku. Tun 2015 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Ɗalibin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ko ya san amsa, lokaci zai ƙure masa.

Ba sabon abu ba ne makaranta ta dogara da rana. A 2019 aka buɗe wa Jami'ar Bayero tashar lantarki mai ƙarfin megawat 7.1, wadda ta haɗa farantan sola da batura da injina. Sai dai ƙaramar makaranta ba ta da kuɗin ɗaukar injiniyoyi. A nan ƙirƙirarriyar basira ke da amfani. A 2021 kamfanin Google ya yi aiki da ita wajen zana gine-ginen Afirka sama da miliyan 500 daga hotunan tauraron ɗan'adam, abin da ke taimaka wa masu tsara lantarki sanin inda jama'a suke da girman rufinsu.

Mu kuwa waya ce kawai a hannunmu. A inuwar wata makaranta muka ba manhajar lissafi: kwamfuta 20, kowace wat 50, awa 6 kullum. Ta ce wat 6,000 ke nan na awa guda. Farantin wat 400 da ya sha rana mai ƙarfi awa 5 zai ba da 2,000, a cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara, saura 1,500. Ke nan faranti huɗu. Muka sake bugawa a takarda, ya yi daidai.

Muna murna sai maigadin makarantar, wani dattijo, ya matso.

"'Ya'yana, a wane rufin za ku ɗora?"

"Wancan, Baba, shi ya fi faɗi."

Ya yi murmushi. Ya nuna mana darbejiyar da ke rufe shi da inuwa bayan azahar, da katakon da gara ta cinye. Sannan ya shafa yatsa a tagar aji, ya nuna mana ƙura. "Wa zai riƙa gogewa?"

Babu ɗaya cikin ukun da manhajar ta sani, don ba mu gaya mata ba. Muka zaɓi wani rufin, muka ƙara faranti ɗaya saboda hazo, muka rubuta cewa ɗalibai su riƙa wanke farantan bi da bi.

Ku ma ku gwada a makarantarku. Ku ƙirga kwamfutoci da fankoki da ƙwan fitila, ku yi lissafin da hannu, sannan ku tambayi na'ura. In kun gama, ku nemi maigadi.