Girman Hoto da Nauyinsa

Kalmar "girma" ta saba ɗaukar kaya a bakin Bahaushe: akwai girman jiki, da na shekaru, da na daraja. Da hoto ya bar takarda ya koma cikin waya, sai aka ɗora mata wani kayan da ya fi ƙarfinta, domin mai cewa "a rage mini girman hoton nan" sau da yawa bai tantance abin da yake so a rage ba.

Hoton waya saƙa ce ta ƙananan ɗigogi masu launi, waɗanda ake kira fiksel. Wayar da ke da megafiksel 12 takan jera kusan ɗigo 4000 a tsawo, 3000 a faɗi, kuma wannan adadi shi ne girmansa na ainihi. Wurin da hoton ke ci a ma'ajiyar waya wani abu ne dabam, wanda "nauyi" ta fi dacewa da shi. Shi ne ake aunawa da kilobait da megabait, shi ne kuma yake cinye kuɗin intanet. Faɗinsa a kan takarda kuwa ba ya tabbata sai ranar wanki. (Har yanzu "wanke hoto" ake cewa, ko da yake injin yau tawada yake fesawa, kalmar gadon zamanin fim ce, lokacin da ake tsoma takarda cikin ruwan magani a ɗaki mai duhu.)

Shafukan neman gurbin karatu ko biza nauyi suke ƙayyadewa, don haka dole a rage. Ana yin haka ta hanya biyu: a zubar da wasu ɗigogin, ko a matse hoton. Tsarin JPEG, wanda aka tabbatar a 1992, yana matsewa ne ta watsar da ƙananan bambance-bambancen launi da ido bai cika lura da su ba. Dabara ce mai kyau, sai dai abin da aka watsar ba ya komowa, kuma duk sanda aka gyara hoton aka sake adana shi, wani abu na ƙara zubewa. Manhajojin hira ma suna rage hotuna da kansu don su yi saurin tafiya, in ba a tura su a matsayin fayil ba.

Wanki kuma ɗigo yake nema da yawa. Ma'aunin da aka saba shi ne ɗigo 300 a kowane inci, wato santimita 2.54. Hoton fasfo mai milimita 35 da 45 ɗigo 413 da 531 sun ishe shi. Na santimita 10 da 15 yana son kusan 1200 da 1800, takardar A4 kuwa 2480 da 3508.

Akwai wani dattijo mai shagon hoto kusa da kasuwar Dole a Damagaram, wanda ya fara sana'ar tun zamanin fim, kuma wannan lissafi a kansa yake kamar na dala da jaka. Wata rana wata budurwa ta shigo da waya, tana son a wanke mata hoton mahaifinta da ya rasu, babba, wanda za a rataye a ɗakin mahaifiyarta. A fuskar wayar hoton garau yake. Da dattijon ya buɗe shi a kwamfuta sai ya ga ɗigo 800 ne da 600. Hoton ya bi hannu da yawa kafin ya iso gare ta: wani ya tura wa wani, wani kuma ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura.

"Ƴata, in na shimfiɗa wannan a kan A4, kowane inci ɗigo saba'in ma ba zai samu ba. Za ki ga rawani da riga, amma idanun za su dushe."

"Baba, ba a iya ƙara masa girma? An ce akwai manhajar da ke yi."

Ya ce akwai. Ana iya mayar da 800 ta zama 3000, amma sababbin ɗigogin kintace ne na'ura ke yi daga maƙwabtansu. Manhajojin da suka fi ƙwarewa har gashin gira da layukan goshi suke ƙirƙirowa, su fito da fuska mai kyau wadda ba lallai ta zama ta mamacin ba. Ga hoton riga ko na mota wannan ba komai ba ne. Ga fuskar uba, a ganinsa, gara dushewar gaskiya, kuma da wuya a ce bai yi daidai ba.

Ya wanke mata na santimita 10 da 15, bayan ya ɗan yanke sama da ƙasa, tunda siffar hoton waya ba ta faɗa daidai kan wannan takarda. Sannan ya tambaye ta wanda ya ɗauki hoton tun farko. Ta ce ɗan baffanta ne, a wani bikin suna, yanzu yana aiki a Agadas.

"Kira shi yau," in ji dattijon. "In bai sauya waya ba, na asalin yana nan. Ki ce ya turo shi a matsayin fayil, kada ya taɓa masa komai."