Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kaɗan in yi wa 'yan'uwana makaɗa gargaɗi.

Sana'ata haɗa kiɗa da kwamfuta. Fiyanon kwamfuta kuwa iri biyu ne. Akwai wanda aka ɗauki amon fiyano na ainihi aka adana, kamar Keyscape na Amurka, mai cin wuri fiye da gigabait 70. Akwai kuma irin Pianoteq na Faransa, wanda ya fito a 2006. Shi da lissafi yake ƙaga amo nan take, bai ko kai gigabait ɗaya ba.

Ni dai kwaɗayin girma ya ja ni, na zuba ajiyar wata uku na sayi wani mai nauyi. Ashe tsohuwar kwamfutata ba ta iya ɗaukarsa. Ran da ango ya zo karɓar waƙar bikinsa, kiɗa ya yi ta sarƙewa, kunya ta rufe ni. Da ƙaramin na fita kunya, ango kuwa bai ji bambanci ba.

To, jama'a, kowa ya auna kwamfutarsa, ya gwada da kunnensa tukuna, kana ya kwance lalitarsa. Wassalam.

Naka,
Wani makaɗi, Kano.