Idon Bindiga: Abin Lura Daga Ƙasar Kabo Da Gwarzo

Hanyar da ta tashi daga Kabuga ta nufi yamma tana bi ta gaban sabon matsugunin Jami'ar Bayero, ta wuce Janguza da Rimin Gado, ta ratsa ƙasar Kabo, sannan ta sauke matafiyi a Gwarzo bayan tafiyar kimanin kilomita 70. Daga nan sai ta zarce Dayi, cikin Jihar Katsina. Idan kaka ta wuce, an girbe gero da dawa, an cire gyaɗa, sai ƙasar ta buɗe, mutum ya hangi kuka da ɗorawa da gawo tsaye daga nesa, hazo na lulluɓe da su. Wannan shi ne lokacin mafarauta. A gefen titi da ƙauyukan da ke kewaye da Garo da Getso da Kutama za ka gan su da karnuka, da gora, da barandami, wasunsu kuma rataye da bindigar toka.

Na yi kwanaki ina zaga wannan yanki, ina zama inda mafarauta ke zama, ina leƙa maƙeru. Abin da ya tsare mini hankali shi ne mafi ƙanƙanta a jikin bindiga, wato ƙarfen saiti: ɗan tsinin da ke tsaye a kan bakinta, da 'yar tsagar da ake kafawa a baya, kusa da idon maharbi. Yawancin bindigogin da na ɗauka na duba tsinin gaba kaɗai gare su, wasu ma ɗigon walda ne aka goge da zarto. Na baya kuwa sai ɗaiɗaiku. Ana ƙawata kota da fata da laya, ana kula da kunama, amma idon bindigar an bar shi ga sa'a.

Akwai dalilin haka. Bindigar da ake ɗurawa ta baki, a zuba albarushi, a bi shi da ƙananan dalma ko gutsattsarin ƙarfe, watsa wuta take yi. Ga zomo ko fakara ko zabon daji a taku ashirin, nuna baki ya wadatar. Sai dai aikin bindiga a wannan yanki ya sauya. Daji ya zama gona, manyan namun dawa sun ƙaura, kura ma ta yi wuyar gani. Bindigar da jiya take neman nama, yau ita ke kwana a garken shanu da bakin rumbu, ita ce kuma a kafaɗar 'yan sintiri, musamman da yake Gwarzo na iyaka da Katsina, inda ɓarayin daji suka daɗe suna addabar jama'a. Ta tashi daga makamin farauta ta koma makamin tsare rai, amma ƙirarta ba ta sauya ba.

Lissafin abin mai sauƙi ne. A ɗauka tsakanin tsagar baya da tsinin gaba akwai santimita 50. Idan tsinin ya kauce da milimita 1 tak, harsashi zai kauce da santimita 10 a nisan mita 50. Bindigar da ba ta da tsagar baya kuwa, idon maharbi ne ke tsaya mata a matsayin tsagar, kuma kunci ba ya sauka wuri guda a kan kota sau biyu, balle a lokacin firgici. Wannan kaucewar ita ce tazarar da ke tsakanin abin da aka nufa da ɗan maƙwabci.

Mutanen da suka fi kowa tunani a kan wannan batu su ne mazauna ƙasashen ƙanƙara, inda ake ɗaukar bindiga saboda dabbar beyar. Wannan dabba, wadda ba mu da ita a Afirka ta Yamma, tana iya gudun da ya kai kilomita 50 a sa'a, wato ta cinye mita 40 cikin daƙiƙa uku. Rundunar Sirius ta ƙasar Danmak, wadda ke sintiri da keken karnuka a arewa maso gabashin Girinlan tun 1950, ta riƙe bindigar M1917, ƙirar zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da saitinta na ƙarfe. Dakarun sa-kai na arewacin Kanada sun yi fiye da shekara 70 da bindigar Lee-Enfield tun daga 1947, kuma sabuwar da aka musanya musu ita ma da saitin ƙarfe ta zo. Ba rashin kuɗin sayen madubin hangen nesa ya sa su haka ba. Madubi yana kusanto da abu amma yana ƙuntata fili, yana yin raɓa, yana fashewa, yana gocewa idan bindiga ta faɗi. Wanda haɗari ya tasam masa a kusa, fili yake bukata ya gani.

Daga gogewarsu abu uku sun fito. Na farko, tsinin gaba ya zama mai kauri, mai ɗaukar ido, a sa masa ɗigon farin ƙarfe ko tagulla, domin a kansa ido yake tsayawa lokacin harbi. Na biyu, saitin baya ya zama mai faɗi: ko dai buɗaɗɗiyar tsaga marar zurfi, irin wadda maharban ɓauna da zaki suka yi amfani da ita a Gabashin Afirka, ko kuma zobe mai babbar kafa da siririn baki, wanda ido ke leƙawa ta cikinsa ya ɗora tsinin a tsakiya ba tare da wahala ba. Matsattsiyar tsaga ta masu gasar harbi da rana tsaka ce. Da almuru duhu take cika. Na uku, a kafa wa tsinin kunnuwa biyu na ƙarfe su tsare shi daga bugu, sannan a gwada bindigar a nisan da ake tsammanin amfani da ita, a gyara, a sake gwadawa.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai fi ƙarfin maƙerin Gwarzo ko na Kabo ba. Hannun da ke fitar da garma da lauje da galma daga guntun ƙarfen mota ba zai gaza zobe da tsini ba. Yanayinmu ma ya fi goyon bayan ƙarfe: ƙurar hunturu tana dusashe gilashi, hawa babur a hanyar ƙauye yana girgiza shi, zafin bazara kuma ba ya raga masa. Ƙarfe kuwa gefen riga ya ishe shi shara.

Amma babban darasin ba a maƙera yake ba. Amfanin buɗaɗɗen saiti shi ne yana barin maharbi ya buɗe idanunsa biyu, ya ga abin da ke gabansa da abin da ke bayansa. A tsibiran Sibalbad na ƙasar Norwe, doka ta wajabta wa mai fita bayan gari ya riƙi abin tsorata farin beyar, hukuma kuma tana ba da shawarar riƙe bindiga. Duk da haka dabbar tana ƙarƙashin kariya tun 1973, harbinta sai in babu makawa, kuma duk wanda ya kashe ta sai an bincike shi. Idan haka ake yi wa ran dabba, ina ga ran ɗan Adam? A karkararmu sau nawa aka ji labarin mafaraucin da ya ɗaura fitila a goshi, ya hangi motsi a cikin kara, ya saki wuta, gari ya waye da makoki? Mai ƙwarewa ba ya harbin motsi ko ƙyallin ido. Sai ya tabbatar.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta san da bindigar da ake ɗurawa ta baki, ta sanya lasisinta a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ta kuma buɗe ƙofar ba maƙeri izinin ƙera ta da gyara ta. Kisan mafarauta 16 'yan Jihar Kano a Uromi, Jihar Edo, a watan Maris na 2025, ya nuna abin da zargi ke jawo wa mai ɗauke da irin wannan bindiga a inda ba a san shi ba. Saboda haka ina kira ga sarakunan baka da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo su haɗa kai da 'yan sanda: a yi rajistar masu bindiga da maƙeran da ke gyara ta, a keɓe fili a bayan gari inda za a riƙa gwada saiti kafin a shiga lokacin farauta, kuma kada a ɗora wa matashi sintirin dare sai an ga harbinsa da rana. Rigakafi ya fi magani, harsashin da ya bar baki kuwa ba ya jin kira.