Madugu da Tsohuwar Motarsa

A manyan biranen ƙasar Hausa, irin su Kano da Kaduna da Sakkwato, idan aka hangi ƙatuwar motar jif mai baƙin gilashi tana tafe, ba a tsayawa tambayar ko wane ne a ciki. Kowa ya riga ya yanke hukunci a ransa cewa ɗan siyasa ne, ko hamshaƙin attajiri, ko wani mai riƙe da babban muƙami. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci sukan tsufa ba tare da tayoyinsu sun taɓa barin kwalta ba, har ma akan sami mai motar da bai san amfanin ƙaramar giyar nan ta biyu da ke gefen babbar ba. Wannan fahimta takan rushe da zarar mutum ya nausa arewa, ya ƙetara Jamhuriyar Nijar, ya wuce Damagaram ya isa Agadas. Daga gabashin wannan birni babu sauran kwalta, sai rairayin Tenere. A can, motar da ke ja da ƙafa huɗu kayan aiki ce kamar yadda garma take ga manomi. Suna kiranta kat-kat, kalmar da suka aro daga Faransanci, kuma ganinta kawai ba ya nuna wa mutum sana'ar mai ita.

A wata unguwa da ba ta da nisa da babban masallacin garin, wato mai doguwar hasumiyar ƙasa, akwai wani dattijo da mutanen tasha ke yi wa laƙabi da Madugu, ko da yake bai taɓa jan ayarin raƙuma ba. Mahaifinsa ne ya yi wannan aiki, yana kai gero Bilma ya komo da kantun gishiri da dabino. Shi kuwa yaron mota ya fara zama a wata babbar motar ɗaukar kaya, yana saka weji, yana wanke inji, yana kwana a ƙarƙashin mota, har ya samu aka ba shi sitiyari. A shekarun 1980 Agadas ta cika da Turawa 'yan yawon buɗe ido, ga kuma tseren motocin nan na Faris zuwa Dakar da ke ratsa garin a wasu shekaru. Mutane irin su Mano Dayak, wanda filin jirgin saman garin ke ɗauke da sunansa, suka kafa kamfanonin kai baƙi cikin hamada. Madugu ya yi tuƙi a ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni yana tara kuɗi. A wancan zamani wasu Turawan kan tuƙo mota tun daga ƙasarsu, su ratso Aljeriya, idan sun iso Nijar su sayar da ita su hau jirgi su koma gida. A hannun wani daga cikinsu ya sayi doguwar Toyota Land Cruiser mai shan man gas, kuma ita ce yake tare da ita har ya yi furfura.

Yana da kyau a san abin da ya bambanta wannan mota da sauran. A motar da aka saba gani, inji tayoyi biyu kawai yake juyawa, ko na gaba ko na baya, saura biyun kuwa bi suke yi. Da zarar waɗannan biyu sun nutse a yashi ko taɓo, tafiya ta ƙare. A kat-kat kuwa akwai wani akwati na biyu a bayan akwatin giya, wanda ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya. Yana kuma da wata giya ta musamman mai rage gudu ta ninka ƙarfi, ta yadda mota za ta riƙa rarrafe a kan dutse ko tudun rairayi ba tare da inji ya shaƙe ba. Sojojin Amurka ne suka yaɗa wannan fasaha da motar jif a Yaƙin Duniya na Biyu. Ingila ta fito da Land Rover a 1948, Japan kuma ta raɗa wa tata suna Land Cruiser a 1954.

Sai dai Madugu kan ce ƙarfe rabin tafiya ne kawai. Sauran rabin yana kan direba. Shi ne zai san ya rage iskar taya kafin ya shiga rairayi mai laushi, domin tayar ta baje kamar tafin raƙumi. Shi ne zai san ya kama hanya da sassafe, lokacin da sanyin dare ya sa yashi ya ɗan yi tauri, kuma kada ya kuskura ya danna birki da ƙarfi a inda ƙasa ke da taushi. Ba ya fita sai da shebur, da falankan ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya idan ta kafe, da safaya biyu, da jarkokin mai. Kafin ya ƙirga mai kuwa, ruwa yake fara ƙirgawa, mutum nawa, kwana nawa, sannan ya ƙara na kwana uku domin abin da ba a sani ba. Direbobin hamada ba su manta da labarin bishiyar Tenere ba, wadda ta daɗe tsaye ita kaɗai a tsakiyar fili tana nuna wa ayari hanya, har wani direban babbar mota ya banke ta a 1973. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai. Madugu kan ba yaransa wannan labari idan yana son ya nuna musu cewa faɗin fili ba ya hana mai ganganci yin karo.

Inda ake ganin bambancin masu waɗannan motoci sosai shi ne garejin bakanike, domin kowa da ranar da zai kawo tasa. Madugu ya shafe shekaru yana zama a kan benci ɗaya da mutanen da in ba don mota ba, babu abin da zai haɗa su. Ga likitan dabbobi da ke bin makiyaya har Ingal a lokacin da suke taruwa domin shan gishiri a ƙarshen damina. Ga ma'aikacin lafiya da akwatin sanyinsa na allurar rigakafi, wanda duk tunaninsa shi ne ya isa ruga kafin ƙanƙara ta narke. Ga masu binciken ma'adinai da ke kai da komo tsakanin Agadas da Arlit, inda aka fara haƙar yuraniyom a 1971. Akwai ma masana da ke zuwa daga ƙasashen waje su ɗauki direbobi zuwa Gadufawa domin tono ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe tun kafin a yi ɗan'adam, aikin da direbobin suka daɗe suna yi wa kallon wauta kafin su saba da shi. Ga manomin lambu daga duwatsun Abzin da ya sauko da albasa. Abin ban dariya shi ne, jami'in kwastan da ɗan fasa-ƙwaurin da yake farauta sukan zo da mota iri ɗaya, su nemi ƙarfe iri ɗaya, a shagon mutum ɗaya, mai shagon kuwa ba ya tambayar kowa aikinsa. Haka kuma motar da ke kai magani ita ce ake girka wa bindiga a baya, kamar yadda sojojin Cadi suka yi a 1987 suka fatattaki tankokin Libiya, har aka riƙa kiran wannan yaƙi da sunan Toyota.

Shi kansa Madugu bai zaci zai taɓa canza sana'a ba. Tawayen Abzinawa na 1990 ya tsayar da baƙi, amma bayan sulhun 1995 sun dawo, ya ci gaba da kai su Timiya da Bilma da tsofaffin gidajen Jado. Tawaye na biyu da ya ɓarke a 2007 ne ya karya kasuwar, domin an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi. Kafin a farfaɗo kuma, sai aka sace wasu ma'aikata 'yan ƙasashen waje a Arlit a 2010. Daga nan Turawa suka ɗauke ƙafa. Mota ba ta cin ciyawa kamar raƙumi, amma zamanta ma asara ne: batir ya mutu, tayoyi su tsattsage, awaki su mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Gida kuwa mai mutum goma sha wani abu ba ya jiran zaman lafiya kafin a ɗora tukunya.

Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, wata kasuwar ta bunƙasa. Dubban matasa daga ƙasashen Afirka ta Yamma suka riƙa kwarara Agadas suna neman mai kai su Libiya. Kowace Litinin jerin motocin Hilux kan tashi zuwa Dirku, kowace ɗauke da mutum wajen ashirin da biyar a baya, ƙafafu na reto a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo. Yawancin direbobin tsofaffin masu kai 'yan yawon buɗe ido ne ko 'ya'yansu. Wata rana da dare babban ɗan Madugu ya same shi a zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya kawo maganar da ta daɗe tana cin sa.

"Baba, hanyar nan ita ce ka bi shekara da shekaru. Da can Turawa kake kaiwa su kalli rairayi, yanzu kuma 'yan'uwanmu ne ke son su tsallake shi. Ga mota a ajiye, ga bashi a kanmu."

Dattijon ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, mutum huɗu nake ɗauka, da ruwan kwana goma. Kai kuwa so kake ka ɗora wa injin da ya girme ka mutum ashirin. Idan ya tsaya tsakanin rijiya da rijiya, wa za ka fara ba ruwa?"

Ba za a ce yaron ya yi rashin hankali ba. A lokacin sana'a ce da ake yi a bainar jama'a, daga tasha ake tashi, har da rakiyar sojoji, kuma tafiya ɗaya kan kawo abin da yawon buɗe ido bai kawo a wata guda ba. Amma tsoron uban ma yana da tushe. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da ƙananan yara daga yankin Kance, a ƙasar Damagaram. Madugu ya hana motarsa, sai dai bai iya hana ɗansa ba. Yaron ya je ya kama tuƙi a Hilux ɗin wani.

Shi kuwa dattijon, zinaren da aka gano a Jado a 2014 ne ya tayar da motarsa daga barci. Bai sayi na'urar neman zinare ba, bai kuma taɓa riƙe diga ba. Ya cire kujerun baya, ya jera durom-durom na ruwa da buhunan shinkafa da taliya, ya riƙa kai wa mahaƙa. Hujjarsa ita ce, mai haƙa yana iya samu yana iya rasawa, amma da mai samu da mai rashi kowa sai ya sha ruwa. Da wannan ya biya bashi, ya aurar da 'ya biyu, kafin hukuma ta rufe wurin a 2017. A tsakanin nan ne kuma aka kafa dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita sosai a 2016. An ɗaure direbobi, an ƙwace motoci da dama. Waɗanda suka ci gaba suka koma bin ɓarauniyar hanya nesa da rijiyoyi, inda hatsarin ya fi na da. Motar da yaron ke tuƙawa tana cikin waɗanda aka kama. Shi dai ya tsira da ransa, ya dawo gida da 'yar jakarsa, uban kuma bai taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba. Makulli kawai ya miƙa masa, ya ce idanunsa sun fara gajiya da tuƙin dare.

Tun daga nan motar ta koma zirga-zirga tsakanin Agadas da ƙauyukan Abzin. Takan hau da siminti da buhunan gero, ta sauko da albasa da lemo da rumman. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, ƙarafanta kuma sai an sha wuya ake samu, wani lokaci sai bakanike ya ƙera. Da aka soke waccan doka a watan Nuwamba na 2023, tsohuwar maganar ta sake tasowa. Yaron, wanda shi ma ya zama magidanci da 'ya'ya uku, ya kawo shawarar a sayar da tsohuwar, a cika kuɗi a sayi Hilux ko da ta hannu ce. Har an sami wani bakanike da ya taya, domin injin yake so, gangar jikin kuwa ya ce sai dai a yi kejin kaji da ita. Madugu ya ce a ba shi kwana bakwai ya yi tunani.

A dare na biyar, suna wani ƙauye a gindin dutse sun gama lodin albasa, sai aka ƙwanƙwasa musu ƙofa. Wata mata ce ke naƙuda tun jiya, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, ruwan sama kuma ya cika ƙoramar da ke tsakaninsu da asibiti da yashi da duwatsu. Suka sauke rabin buhunan a bakin hanya, suka shimfiɗa tabarma da bargo a baya. Da suka iso bakin ƙoramar, dattijon ya sauka da fitila a hannu, ya taka yashin ya ji zurfinsa, ya tsuguna ya rage iskar tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya wuce gaba yana haskawa, ya ɗaga murya ya ce wa ɗansa ya saka ƙaramar giya, ya biyo sawunsa a hankali, kada ya taɓa birki.