Babin da Ya Tsaya Min a Wuya

Kun dame ni da tambayar ina ci gaban labarin nan nawa na jami'in leƙen asiri, har wata ta ce ko biro ne ya ƙare. Biro na nan lafiya. Babi na sha ɗaya ne ya gagare ni.

A babin, jarumin yana zaune da tsakar dare, kwamfuta ta tace rahotanni ta nuna masa wani gida, ta ce wanda ake nema yana ciki. Sa hannunsa kawai ake jira a kai farmaki. Ya yarda da ita ko kuwa?

Da farko ban ga wahala ba, don na san labarin Stanislav Petrov, hafsan Tarayyar Sobiyet. Daren 26 ga Satumba 1983 na'ura ta shaida masa Amurka ta harbo makamai masu linzami, ɗaya, sannan huɗu. Ya ce wanda zai fara yaƙin nukiliya ba zai fara da biyar ba, ya sanar da manyansa cewa kuskure ne. Ashe hasken rana ne a jikin gajimare ya ruɗi tauraron ɗan'adam. Na ce shi ke nan, jarumina zai ƙaryata kwamfuta, a tafa masa.

Har na rubuta shafi huɗu sai na ci karo da labarin Vincennes, jirgin ruwan yaƙin Amurka da ya harbo jirgin fasinjan Iran ranar 3 ga Yuli 1988, jim kaɗan da tashinsa daga Bandar Abbas zuwa Dubai. Mutum 290, cikinsu yara 66. Abin da ya kashe min jiki, na'urarsu gaskiya ta faɗa: jirgin sama yake ƙara yi. Sojojin, da suke tsakiyar musayar wuta da ƙananan jiragen ruwan Iran, su suka ce gangarowa yake kansu.

Na yage shafukan. Ni kaina na san yadda tsoro ke karanta wa mutum abin da ba a rubuta ba. Na taɓa karanta saƙon waya sau uku ina ganin zagi, da safe na duba babu komai.

Yanzu na sa yarinya 'yar shekara shida a gidan nan, tana barci a tsakar gida saboda zafi. Kwamfuta ba ta gan ta ba. Shi ma bai sani ba. Yau sati uku biro yana hannunsa.