Kewar Fort Boyard

Manya da yawa a Matameye suna tuna Fort Boyard, wasan talabijin na Faransa da aka fara a 1990 cikin wani tsohon ginin soja a tsakiyar teku. Ƴan wasa na shiga ɗakuna neman makullai, agogon ruwa na tsiyaya, wanda lokaci ya ƙure masa a kulle shi. A wancan lokaci tsoho Père Fouras na jefo kacici-kacici daga saman hasumiya, damisoshi na gadin dukiya. A ganina abin da ake kewa shi ne yadda aka kalle shi: akwati ɗaya a tsakar gidan maƙwabci, yara cike da tabarma, mai jin Faransanci na fassara, kowa na ihun "fito, fito!" kamar ɗan wasan zai ji.

Wani zai ce wasan Turawa ne, kuma ga shi a YouTube ga mai so. Gaskiya ne. Amma kacici-kacici namu ne tun a bakin kaka, shi ya sa wasan bai zame mana baƙo ba. Waya kuwa mutum ɗaya take zaunarwa. Iyaye, ko sau ɗaya a mako, ku tara yaranku su yi kallo tare.